Abin da ya kai Mma Adiza ɗakin fitilu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mma Adiza ta rasu.

Yau da safe labarin ya same ni. Ina hawa na sha tara a ofishin da nake shara a West Bay, nan Doha, na jiƙa tsumma ke nan zan goge gilashi, sai wayata ta hau rawa a aljihu. An hana mu ɗaga waya a bakin aiki, amma kun san ni. Na shige bayi na ɗaga. Anti Ramatu ce, wadda suke ɗaki ɗaya da Mma a Bin Omran. Ta ce, "Bilki, sai haƙuri. Adiza ta cika bayan asuba, a asibiti."

Na ce wane asibiti kuma?

Ta ce ai kwananta uku a kwance.

Kwana uku. Ni da ko mage ce ta haihu a Bin Omran sai na riga kowa ji, ba wanda ya faɗa min.

Yau zan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Akwai voice note da ke yawo a group tun safe, na san da yawanku kun ji, wasu ma kun tura gaba. Don Allah ku karanta wannan har ƙarshe kafin ku ƙara tura wa wani.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Mma Adiza 'yar Zangon Kumasi ce, can Gana. Wanki da guga take yi a wani otal, ta daɗe a garin nan sosai. Mijinta ya rasu tuntuni. 'Yarta ɗaya, Fati, tana karatun nas a gida.

Ranar da na sauka Doha daga Kaduna, shekara uku ke nan, aka kai ni gidan Bin Omran aka nuna min gadon sama. Na hau na juya wa bango fuska ina ta kuka. Sai na ji murya daga ƙasa, "Kai, ka sauko ka ci abinci."

Na ɗago ina neman namijin da ake yi wa magana. Ashe ni ce. Hausar Zango ke nan, mace da namiji duk "ka" ne. Ta miƙo min wake da shinkafa irin nasu da baƙin yajin nan shito. Na ci ina kuka, rabi kewar gida rabi yaji.

Ita ta koya min metro. Kwana uku tana raka ni har tashar Mushairib ta nuna min inda zan canza layi, alhali ba hanyarta ba ce.

Yunifom ɗin da aka ba ni ya yi min buhu, ta zauna da zare da allura ta rage min.

In sufabaiza ya zage ni na dawo ina huci, sai ta ce, "Khalas, ya wuce. Ka bar shi a bakin ƙofa tare da takalminka."

Da mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya a gida, na kasa barci, kullum ina kan waya ina jiran saƙo. Ta ƙwace wayar ta sa a ƙarƙashin filonta, ta ce in an kira ita za ta tashe ni. Kuma ta tashe ni ɗin.

Bilki Waya take ce min.

Bara kamfani ya mayar da ni masaukinsu, sai ya zama sai ranar Juma'a muke haɗuwa, wani lokacin ma a tsallake.

Abu ɗaya da duk wanda ya san Mma zai shaida: ba ta son hoto. Shekara uku ina fama, duk hotonta da ke wayata tafin hannu ne ya rufe kamara. "Ka ɗauke min abin nan." Fuskarta Fati kaɗai ke gani a waya, duk Juma'a in sun yi bidiyo kol.

To sati biyu da suka wuce na sa wani bidiyo a status, na wajen fitilun nan da aka buɗe a museum, wato gidan tarihi. Ba ni ma na ɗauka ba, kwafowa na yi. Ranar Laraba sai ga kiran Mma.

"Bilki Waya, wurin nan mai ja da shuɗi da ka sa, a garin nan yake?"

Na ce eh Mma.

"Ka kai ni Juma'a. Ka cika wayarka da caji, hoto za ka yi min."

Na cire wayar daga kunne na duba sunan, ko wani ne ke min wasa. Nan take na ce a raina, akwai magana.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na je ɗaukarta. Ta fito da hoda, da jambaki, da wani baƙin gilashi da ya rufe rabin fuska. Abayarta kuma tana ta lilo a jikinta. Na ce Mma kin rame fa. Ta ce, "Dayat nake yi."

Dayat. Matar da take cewa shinkafa ba mai ba abinci ba ce.

Ni dai na haɗa lissafina na gama. Hoda, gilashi, rama, hoto. Kuma akwai wani dattijon direba ɗan Sakkwato mai farar mota da ke yawan tsayawa gaishe ta a bakin shagon layinsu. Na ce shi ke nan, Mma ta yi kamu.

Muna tafiya ina tsokanarta. "Mma, wane ne shi? Mai farar motar nan ne ko? Wallahi ba zan faɗa wa kowa ba."

Ta ce, "Kai da ba ka faɗa wa kowa? Yalla, tafi."

A Mushairib muka tsaya jiran jirgi. Kun san hasken tashar nan, fari tas kamar rana. Ta cire gilashin tana share zufa da bakin mayafi, ni kuma na ɗaga waya ina selfi kamar kullum, sai ta fito a bayana. Ta hango kanta a fuskar wayar.

"Ka goge."

Na yi dariya na ce haba Mma, ai kin yi kyau.

"Bilkisu, ka goge yanzu."

Ba ta taɓa kiran cikakken sunana ba. Na goge a gabanta. Ta karɓi wayar ta duba da kanta, sannan ta mayar da gilashin. Na ce a raina, lallai mutumin nan ya shiga, ba a son ya ga hoton da ba a shirya ba.

Wanda bai je wajen nan ba, bari in kwatanta. Ana shigar da ku ta wani lungu mai duhu, sai ku faɗa wani ƙaton ɗaki da ba taga ko ɗaya. Bango haske, ƙasa haske, sama haske. Ruwa na zubowa daga sama, amma ba ruwa ba ne, fitila ce. In ka tsaya sai ya rabu biyu ya zagaye ka. Mma ta yi bisimilla ta tattare abayarta har ƙwauri kada ta jiƙe. Na yi dariya har sai da wata Baturiya ta juyo.

Ta ce, "Ka tabbata ba aikin mutanen ɓoye ba ne?"

Na ce Mma kwamfuta ce.

"To su ma ai sun iya kwamfuta."

Ɗaki na biyu madubi ne ko'ina, da ƙananan fitilu a rataye kamar an tsayar da ruwan sama a iska. Launi na canzawa a hankali, shuɗi, ya koma ruwan hoda, ya koma ja, sai ya yi fari-fari na ɗan lokaci, sannan ya sake. Kiɗa na tashi ƙasa-ƙasa. Ni har na manta da wa na zo, ina ta juyi ina ɗaukar kaina.

Da na waiwayo, Mma ba kallon kyan wurin take ba. Tana tsaye a gefe tana bin launukan da ido, bakinta na motsi. Ƙirgawa take. Sai da ya zagayo sau uku sannan ta cire gilashin ta ce, "In ja ya zo ka fara. In ya kusa fari ka tsaya."

Na ce Mma ai farin ya fi fito da mutum.

"Ja na ce."

Bidiyo ta ce in yi, sau huɗu muka ɗauka. Da fari ya doso sai ta juya baya kamar tana gyara mayafi. A na huɗun ne ta samu yadda take so. Ta yi murmushi, ta ɗaga hannu, ta ce, "Fati, ga ni. Ka gan ni ko? Lafiya lau nake, yawo ma na fito. Kamaran wayana ne ya lalace. Ka yi karatu, ka bar tunani."

Da na ji sunan Fati na ɗan yi turus. Na ce to mu kira ta mana da wayata, ta gan ki kai tsaye. Ta ce a'a, ba netwok a ciki. Na duba, netwok a cike. Amma da yake na riga na yanke hukunci, sai na ce wayo ne, an fake da Fati, hotunan kuma mai farar mota za a tura wa.

A ɗaki na uku ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Furanni ne a wannan, duk inda mutum ya tsaya sai su buɗe a kansa. Suka hau abayarta, suka hau hannunta. Na ce mu ƙarasa. Ta ce, "Ka bar ni kaɗan. Wurin nan bai tambayar mutum komai."

Na zaci da ni take, saboda na dame ta da wane ne shi.

Mai gadin ɗakin Bakatsine ne, ya ji Hausa ya matso muka gaisa. Ya ce, "Hajiya, ai saura na ƙarshe, shi ne gangariyar. Fari ne sol kamar cikin auduga, nan kowa ke hoto." Mma ta mayar da gilashinta ta ce, "Ɗana, ba wata ƙofar fita?" Ya yi mamaki, amma ya buɗe mana ta gefe.

Na yi ta mita a hanya, mun sayi tikiti mun bar ɗaki guda.

A Mushairib muka rabu, bayan na tura mata bidiyon a wayarta. Na ce Mma in an sa rana ni ce babbar ƙawa fa. Ta yi dariya har ta dafe gefen cikinta. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Bilki. Ka rage waya."

Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Kuma ban rufe bakina ba. A daren na faɗa wa 'yan ɗakinmu biyu wai Mma ta yi saurayi. Allah ya yafe min. Dattijon nan ma ya yafe min, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Yanzu maganar voice note.

Kafin ƙarfe tara na safiyar yau Fati ta saki murya tana kuka, haɗe da bidiyon nan da ni na ɗauka. Tana cewa ga uwarta sati biyu da suka wuce, garau, tana yawo tana dariya, a faɗa mata abin da aka yi mata. Ba laifinta. Ko ni ce haka zan yi.

Sai matan gidan suka fara tuno abubuwa. Wannan ta ce ta sha ganin Anti Ramatu tana dafa wani baƙin ruwa a tukunya tana kai wa Mma a kofi. Waccan ta ce sun daina barin kowa ya shiga ɗakin. Wata ta ce satin da ya wuce ta ji su suna faɗa, har Anti Ramatu na cewa "wallahi za ki mutu a ɗakin nan". Kafin sha ɗaya maganar ta isa Kumasi ta dawo. Dangi suka ce ba za su yarda a binne ta ba, kuma za su sa 'yan uwansu na nan su kai Anti Ramatu wajen 'yan sanda. Kun san ma'anar wannan a ƙasar mutane. Ko an wanke ka daga baya, aiki ya tafi, suna ya tafi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma na zarge ta. Me ya sa za a ɓoye min kwana uku? Me ya sa muryarta ba kuka da ta kira ni?

Na roƙi sufabaiza ya sake ni da azahar, na wuce Bin Omran. Mata cike da baranda ana ƙus-ƙus, ba ko ɗaya a ɗakin gaisuwa. Na tura ƙofa. Anti Ramatu ita kaɗai, tana ninke kayan Mma tana jerawa a kan gado.

Ko zama ban yi ba. Na ce Anti, me kike dafa mata?

Ta ce, "Ke ma, Bilki?"

Na ce ni dai ki faɗa min.

Ta ce, "Na rantse mata ba zan buɗe baki ba. Su kai ni duk inda za su kai ni." Ta ci gaba da ninki. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ke ce mai hoto. Ranar da kika kai ta wajen fitilun nan, kin kalli idonta?"

Na zaro wayata.

Mma ba ta san waya ba. Ba ta san in an goge hoto yana komawa wani wuri ya zauna kwanaki kafin ya ɓace ba. Ni na sani. Na buɗe, ga shi nan. Ni a gaba na turo baki, Mma a baya da gilashi a hannu, a ƙarƙashin farin hasken tasha. Na ja hoton da yatsa biyu.

Farin idonta rawaya ne. Ba kaɗan ba, kamar garin ɗorawa. Har goshinta, inda hodar ta goge.

Abin da ya fi ci min rai, na gani a ranar. Wallahi na gani kafin in goge. Amma ni kullum cikin filta nake, yau fuskata ruwan zuma gobe ruwan madara, har na daina yarda da launin da waya ta nuna min. Na ce filta ce ta hau kanta. Na wuce.

Na miƙa wa Anti Ramatu wayar. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "To, da idonki kika gani, ba ni na faɗa ba."

Sannan ta ba ni sauran. Ciwon hanta ne, wata da watanni. Baƙin ruwan nan sassaƙen shawara ne da Mma ta sa aka aiko mata daga gida. Faɗan da aka ji, Anti Ramatu ce ke cewa ko ta tashi su tafi asibiti ko ita ta kira Fati. Mma ta ƙi. Fati na jarrabawar ƙarshe, kuma yarinyar nas ce, kallo ɗaya za ta yi wa idon ta gane. Shi ya sa aka ce kamara ta lalace. Da Fati ta gaji ta ce in ba ta ga fuskar uwarta ba, za ta ajiye jarrabawar, sai Mma ta ga status ɗina. Wurin da fuskar kowa ke zama ja.

Fati ta rubuta takardarta ta ƙarshe ranar Litinin da safe. Litinin da yamma Mma ta ce, "Ramatu, yanzu ka kira mota."

Na zauna a bakin gadon Mma da waya a hannu. Matar nan abu biyu ta taɓa roƙona a duniya, in kai ta wajen fitilu, in kuma goge hoton nan. Ga kuma Anti Ramatu da ta yi wata da watanni tana jinya ita kaɗai, ta tafi aiki ta dawo ta ɗora tukunya, yau ana ce mata mai kisa.

Na ce Mma ki yafe min. Na tura wa Fati, ita kaɗai, sannan na kira ta.

Ta ɗaga. Ina jin numfashinta. Can ta ce, "Sista Bilki, yaushe aka ɗauki wannan?"

Na ce ranar bidiyon, awa ɗaya kafin shi.

Sai ta ce, "Na kalli bidiyon nan ya fi sau ɗari. Idon nake nema. Jan ya hana ni gani."

Ni kuwa ni na riƙe wayar, ni na jira jan.

Ta ce, "Ba ni Anti Ramatu."

Na miƙa na fito baranda na ja ƙofa. Ban san me suka ce ba. Na dai ji kukan Anti Ramatu, na farko tun safe. Matan suka zuba min ido. Na ce ku shiga ku yi mata gaisuwa. Biyu suka tashi. Sauran suka sunkuyar da kai.

Fati ta yi wa kawunnanta bayani, sun janye maganar 'yan sanda, sun yarda a yi jana'iza a nan. In takardu sun kammala za a sanar da lokaci a group. Ta kuma saki wata sabuwar murya tana ba Anti Ramatu haƙuri. Waccan ta farko cikin awa ɗaya ta zagaye Doha. Wannan tun la'asar take zaune, ban ga wanda ya tura ba.

Shi ya sa na rubuta. Da izinin Fati. Ta ce, "Ka faɗa musu duka. Amma hoton kar ka sa."

Don haka kar wanda ya biyo ni inbox. Na goge shi, wannan karon har can ciki.

Ya Allah, ga baiwarka Adiza ta zo gare ka daga ƙasar da ba tata ba. Ka sa ciwon da ta haɗiye ita kaɗai ya zama kaffara. Ka yalwata mata kabarinta, ka sauƙaƙa mata tambaya, ka haɗa ta da mijinta a Aljanna. Ka ba Fati haƙuri da sakamako mai kyau, ka sa hannunta ya zama waraka ga iyayen wasu. Ka saka wa Anti Ramatu da abin da mu ba za mu iya ba.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi wa Mma Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya sa Fati a addu'a. In kuma kana cikin waɗanda suka tura muryar farko, bayan ka shafa, ka je Bin Omran. Ɗaki na biyu ne a hannun hagu, Anti Ramatu na ciki.